Zaizayewar Ƙashi da Sababbin Magungunanta

Bayani domin jama'ar Mainika da sauran garuruwan ƙasar Gwarzo da Kabo

MAFARIN MAGANA

A ɗauka ga wata tsohuwa a Mainika, shekarunta sun kai 65. Ta fito da asuba za ta yi alwala, santsi ya kwashe ta a bakin makwarara, ta dafa ƙasa da hannu. Faɗuwar ba wata babba ba ce, jikarta ta kan yi irinta sau uku a wuni, ta tashi ta kaɗe jiki ta ci gaba da wasa. Amma ita tsohuwar sai wuyan hannu ya karye. Aka kirawo maɗori ya ɗora, bayan wata biyu ƙashi ya kama, kowa ya ce an auna arziki, magana ta wuce. Bayan shekara biyu ta sake faɗuwa, wannan karo kuwa kwatangwalo ne ya tafi. Tun daga ranar ba ta sake taka ƙasa ba.

Mutane su kan ce ai tsufa ne. Lalle tsufa na ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai wata cuta da ke cin ƙashi ta ciki a ɓoye, ba zafi ba kumburi, har ya zama abu kaɗan ke karya shi. Likitoci suna kiranta ostiyoforosis, watau ƙashi mai huji-huji. Wani likita Bafaranshe, Jean Lobstein, shi ya raɗa mata wannan suna cikin shekarun 1830. A wannan takarda za a riƙa ce mata zaizayewar ƙashi.

Karayar farko ta tsohuwar nan gargaɗi ce. Da an kai ta asibiti an duba ƙasusuwanta, da an sa ta kan magani, mai yiwuwa ne da ta biyun ba ta auku ba. Daga shekarar 1995 zuwa yau an sami magunguna iri-iri na wannan cuta, waɗansu na tsai da zaizayewa, waɗansu sababbi kuwa har gina ƙashi su ke yi. Amma kowannensu da ƙa'idarsa, wanda ya karya ta ya yi asarar kuɗinsa, wani lokaci ma ya jawo wa kansa lahani.

YADDA ƘASHI KE RAYUWA

Babban mutum yana da ƙasusuwa 206 a jikinsa. Mutane da yawa suna zaton ƙashi kamar dutse ya ke, in ya gama girma shi ke nan. Ba haka ba ne. Ƙashi abu ne mai rai, jini na ratsa shi, kullum kuwa ana aiki cikinsa.

Duk wanda ke zaune a gidan ƙasa ya san aikin yaɓe. In rani ya yi, a kan kankare inda damina ta ɓata, sa'an nan a kwaɓa sabuwar ƙasa a yaɓa. To, haka jiki ke yi wa ƙashi. Akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyin halitta iri biyu, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Na fari su ne masu kankara, su ke cire tsohon ƙashi. Na biyu su ne magina, su ke bin sawu suna cike gurbi da sabo. Kowace shekara a kan sabunta kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan babban mutum ta haka.

Tun daga ƙuruciya har wajen shekara 30 magina sun fi yawan aiki, ƙashi na ƙara nauyi da ƙarfi. Daga nan sai a yi kunnen doki na ɗan lokaci. In tsufa ya soma, masu kankara su rinjaya. Ƙashi ya kan zama kamar azarar da gara ta shiga: daga waje lafiya lau, ciki kuwa duk rami, ba mai sani sai ran da soro ya rufta.

WAƊANDA TA FI KAMAWA

Mata ta fi kamawa. Jikin mace yana yin wani sinadari mai suna istirojin, wanda ke riƙe linzamin masu kankara. In haila ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 da 55, sinadarin nan ya kan ragu ƙwarai, masu kankara su sami sake. Cikin 'yan shekarun da ke biye mace na iya rasa kashi 10 cikin 100 na nauyin ƙashinta, ko fiye. Wani likita na birnin Boston a Amurka, Fuller Albright, shi ya bayyana wannan dangantaka a 1941. Maza ma ba su tsira ba, sai dai tasu ta kan zo a makare. Ƙungiyar Duniya mai kula da wannan cuta ta ƙiyasta cewa cikin mutanen da suka wuce shekara 50, mace ɗaya cikin uku da namiji ɗaya cikin biyar za su sami karaya saboda ita.

An daɗe ana zaton ciwon Turawa ne. A 1991 an buga wani bincike da ya gwada Ibadan da birnin Southampton na Ingila, aka ga karayar kwatangwalo ta fi ƙaranci nesa a Ibadan. Amma irin wannan ƙidaya a asibiti a ke yinta, wanda ya tsaya wurin maɗori ba ya shiga lissafi. Har wa yau kuma tsofaffi ƙaruwa su ke yi a ƙasashen Afirka, inda tsofaffi suka yawaita kuwa karaya za ta yawaita.

Ban da shekaru, ga abubuwan da ke ƙara haɗari: rama mai yawa, da shan taba, da shan giya, da doguwar kwanciya, da ɗaukewar haila tun kafin shekara 45, da kuma in uwa ko uba ya taɓa karyewa a kwatangwalo.

Akwai wani abu guda da ya kamata a ja kunne a kansa musamman, watau magungunan da a ke kira sitiroyid, irin su deksametazon da firednisolon. Likita ya kan ba da su domin asma da waɗansu cututtuka, da awo da lokaci. Amma waɗansu mutane su kan saya a kemis ko wurin 'yan tebur domin ciwon gaɓɓai, 'yan mata kuma domin neman ƙiba, su yi wata da watanni suna sha. Sitiroyid yana kashe ƙarfin magina. Wanda ya sha shi wata uku ko fiye, ƙashinsa na cikin haɗari ko da yaro ne. Wanda ya daɗe yana sha kuma kada ya yanke farat ɗaya, sai ya je likita ya rage masa sannu-sannu.

Haihuwa da shayarwa ba su cikin abubuwan tsoro. Gaskiya ne ƙashin mai shayarwa ya kan ɗan ragu, amma ya kan komo bayan yaye.

ALAMU DA AWO

Cutar ba ta da zafi sai an karye. Wurare uku ta fi karyawa: wuyan hannu, da ƙashin baya, da kwatangwalo, watau inda kan ƙashin cinya ya shiga ƙugu. Ƙashin baya ya kan lotsa ne ba tare da faɗuwa ba, wani lokaci daga ɗaukar tulu ko sunkuyawa kawai. Shi ya sa a kan ga tsohuwa tana gajarcewa, bayanta na ranƙwafawa, zanen da ya ke daidai da ita a da yanzu yana jan ƙasa. Wanda tsayinsa ya ragu da santimita 4 ko fiye, ya kamata a duba shi.

Kada a haɗa ta da amosanin gaɓɓai, wanda ke sa gwiwa ciwo da kumburi, wannan cuta dabam ce. Kada kuma a ɗauka duk doro zaizayewa ce. Tarin fuka ya kan kama ƙashin baya ya kawo doro, ciwon daji ma ya kan ci ƙashi. Likita ne kaɗai zai rarrabe, da hoto da gwajin jini.

Akwai na'ura mai auna nauyin ƙashi, ana ce mata DXA, ta fito a 1987. Mutum ya kan kwanta 'yan mintoci ta haska ƙugunsa da bayansa, ba zafi. A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: wanda makinsa ya sauka zuwa 2.5 ƙasa da na lafiyayyen matashi, ko ya wuce haka, yana da cutar. Na'urar ba ta da yawa a Nijeriya, amma wannan bai hana magani ba. In tsoho ya karye a kwatangwalo ko ƙashin baya daga faɗuwar da ba ta wuce tsayinsa ba, wannan kaɗai ya ishi likita shaida.

MAGUNGUNAN DA KE TSAI DA MASU KANKARA

A da can istirojin a ke ba mata. A 2002 wani babban bincike a Amurka ya nuna cewa, ko da ya ke yana rage karaya, haɗinsa da a ke ba mata yana ƙara haɗarin ciwon dajin nono da shanyewar jiki da daskarewar jini ga waɗanda suka manyanta. Tun daga nan ba shi a ke fara ba tsofaffi ba.

Alendiranet. Wannan ƙwaya ce, Amurka ta amince da ita a 1995 da sunan Fosamax. Danginta, waɗanda a ke kira bisfosfonet, asalinsu a masana'antu a ke amfani da su domin hana bututun ruwa toshewa, sai cikin shekarun 1960 wani masani a Suwizalan, Herbert Fleisch, ya gano aikinsu a ƙashi. Maganin ya kan manne wa ƙashi, in masu kankara suka zo ci sai ya raunana su. Ga matan da suka riga suka karye a baya, ya rage sabuwar karayar baya da ta kwatangwalo da kusan rabi. Yanzu kamfanoni da yawa ke yinsa, don haka shi ya fi araha, shi ne kuma a kan fara da shi.

Ga ƙa'idarsa. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 70, sau ɗaya a mako, rana guda sananniya. A sha da sassafe kafin a ci kome, da kofi cike da ruwa zalla. Ba da koko ba, ba da shayi ba, ba da fura da nono ba, domin waɗannan na hana shi shiga jiki. Bayan an sha a zauna a miƙe ko a tsaya minti 30, kada a kwanta, kada a ci abinci, domin in ya tsaya a maƙogwaro ya kan ƙona shi. Da azumi a tashi da wuri a sha minti 30 kafin sahur. Wanda ƙodarsa ta yi rauni ƙwarai, ko mai wahalar haɗiya, ko wanda ba ya iya zama, ba a ba shi.

Zoledironet. Ɗan'uwan na farin ne, amma ta jijiya a ke ba da shi kamar ƙarin ruwa, cikin minti 15 ko fiye, sau ɗaya tak a shekara. An amince da shi a 2007, ana sayar da shi da sunan Aclasta. A gwajin shekara uku ya rage karayar baya da kashi 70 cikin 100, ta kwatangwalo da kashi 41. Bayan ƙarin farko mutum ya kan ji zazzaɓi da ciwon jiki kwana ɗaya zuwa uku. A san da wannan tun da wuri, domin kada a zaci zazzaɓin sauro ne ko maganin ne bai karɓe shi ba. In ya wuce kwana uku a koma asibiti.

Akwai sabon labari game da shi wanda ya shafi mutanen da ke nesa da babban asibiti. A watan Janairu na 2025 likitocin ƙasar Niyu Zilan suka buga sakamakon binciken shekara goma a kan mata 1,054 masu shekara 50 zuwa 60. Waɗanda ba a ba maganin ba, kimanin 11 cikin 100 suka sami karayar baya. Waɗanda aka yi wa ƙarin sau ɗaya kawai, ko sau biyu da tazarar shekara biyar, kimanin 6 cikin 100 ne. Wannan gwajin rigakafi ne ga matan da ƙashinsu bai lalace ba tukuna, amma ya nuna yadda maganin ke daɗewa yana aiki a jiki.

Denosumab. Allura ce ta ƙarƙashin fata, sau ɗaya kowane wata shida, an amince da ita a 2010 da sunan Prolia. Ita ba manne wa ƙashi ta ke yi ba, tare saƙon da ke tada masu kankara ta ke yi. A gwajin da aka yi da mata fiye da 7,800 ta rage karayar baya da kashi 68 cikin 100, ta kwatangwalo da kashi 40. Amma a nan ne babban gargaɗi ya ke. In wata shida ya cika ba a sake yi ba, masu kankara su kan taso gaba ɗaya kamar yunwa ta koro su, ribar shekaru ta zube cikin watanni, wani ma ƙasusuwan bayansa su lotsa da yawa a lokaci guda. Kada jinkiri ya wuce wata ɗaya. In za a daina, tilas a maye gurbinta da alendiranet ko zoledironet. Iyalin da ba su tabbata za su iya kuɗinta da zirga-zirgarta shekara da shekaru ba, su gaya wa likita tun farko ya zaɓa musu wani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Masu ciwon ƙoda mai tsanani kuma tana iya saukar musu da kalsiyam na jini har ya zama haɗari.

Dukan ukun nan suna da lahani biyu da ba safai a ke gani ba: rauni a ƙashin muƙamuƙi da ke ƙin warkewa, yawanci bayan cire haƙori, da wata irin karayar cinya bayan shekaru da yawa ana sha. Saboda haka a gyara haƙora kafin a fara, a kuma faɗa wa likita in cinya ta soma ciwo ba dalili. Bayan shekara biyar na ƙwaya, ko uku na ƙarin ruwa, likita ya kan duba ko za a huta. Wannan hutu bai shafi denosumab ba.

MAGUNGUNAN DA KE GINA ƘASHI

Waɗanda aka ambata a sama hana ɓarna su ke yi. Ga wanda katangarsa ta riga ta zube kuwa, sai an kawo magini. Nan ne sababbin magunguna suka shigo.

Terifaratayid. A wuyan mutum, bayan wurin da maƙoƙo ke fitowa, akwai waɗansu 'yan ƙulli huɗu kamar ƙwayar shinkafa, su ke yin sinadarin da ke daidaita kalsiyam a jini. Abin mamaki, in sinadarin nan ya yi yawa dare da rana cin ƙashi ya ke yi, amma in aka ba da shi kaɗan sau ɗaya a wuni sai ya zaburar da magina. Da wannan hikima aka yi maganin, aka amince da shi a 2002 da sunan Forteo. Ya rage karayar baya da kashi 65 cikin 100. Allura ce kullum, mutum ke yi wa kansa, galibi har shekara biyu, kuma tilas a ajiye ta a firij. A 2017 aka sami ƙanwarsa, abalofaratayid, mai irin wannan aiki.

Romosozumab. Labarin wannan daga Afirka ya faro. Cikin Turawan Afirka ta Kudu da a ke kira Afirkana akwai waɗansu iyalai kaɗan masu wata cutar gado. Ƙasusuwansu su kan yi kauri fiye da kima, da wuya su karye, amma ƙoƙon kai ya kan yi kauri har ya danne jijiyoyi, ya kawo kurunta da shanyewar fuska. A 2001 masana suka gano dalili: jikinsu ba ya yin wani sinadari mai suna sikilerostin, wanda aikinsa shi ne ya ce wa magina su dakata. 'Yan'uwansu da suka gaji abin ta gefe ɗaya kawai kuwa, ƙashinsu na da ƙarfi, ba su da ciwon. Sai masana suka ce, to, in aka toshe sinadarin nan na ɗan lokaci ga mai zaizayewa fa?

Aka yi shekaru ana aiki, har a 2019 Japan da Amurka suka amince da maganin da sunan Evenity. Aiki biyu ya ke yi a lokaci guda, yana ƙara gini yana rage kankara. Allura biyu a ke yi kowane wata, har wata 12. A gwajin mata 7,180 ya rage karayar baya da kashi 73 cikin 100 a shekara guda. A wani gwajin kuma, matan da suka fara da shi sa'an nan suka koma alendiranet sun fi waɗanda suka sha alendiranet kaɗai ƙarancin karayar baya da kashi 48 cikin 100. Amma a gwajin nan na biyu an ga bugun zuciya da shanyewar jiki sun ɗan fi yawa ga masu sabon maganin. Don haka ba a yi wa wanda ya sami ɗayansu cikin shekarar da ta wuce, a ƙasashen Turai ma ko yaushe ya taɓa samu ba a yi masa. Tun da ya ke hawan jini ya yawaita cikin tsofaffi, lalle a gaya wa likita duk tarihin mutum.

Magungunan gini masu tsada ne, aikin ƙwararrun likitoci ne a manyan asibitoci, kuma an tanade su domin waɗanda suka karye sau da yawa ko ƙashinsu ya lalace ƙwarai. Tsarin da ya fi kyau shi ne a fara da mai gini, in ya ƙare nan da nan a bi da mai tsai da kankara. In ba a bi ba, ginin ya kan zube, kamar katangar da aka gama aka bar ta ba yaɓe damina ta same ta.

BA DUK SABO NE KE ƊOREWA BA

Kamfanin Merck ya yi shekaru yana gwajin wata ƙwaya mai suna odanakatib, ta kuwa rage karaya, amma a 2016 ya watsar da ita domin tana ƙara shanyewar jiki. Wani magani mai suna Protelos an yi ta shansa a Turai, aka taƙaita shi saboda haɗarin zuciya, har kamfaninsa ya daina yinsa a 2017. Darasin shi ne, magani sai ya bi gwaji na dubban mutane kafin a san amfaninsa da lahaninsa. Mai shela da lasifika ran kasuwa, wanda kwalba ɗaya tasa ke maganin ƙashi da basir da shawara, bai bi ta wannan hanya ba.

Akwai kuma labari mai daɗi. In wa'adin mallakar magani ya ƙare, waɗansu kamfanoni su kan yi kwatankwacinsa, kuɗi ya sauka. Turai ta amince da kwatankwacin terifaratayid a 2017, Amurka kuma ta amince da na denosumab a watan Maris na 2024. Masana suna kuma gwajin ƙwayar haɗiya mai gina ƙashi, domin a huta da allurar kullum.

MAGINI BA YA AIKI BA ƘASA

Kome kyaun magani, sai jiki ya sami kayan gini, watau kalsiyam da bitamin D. A 1999 Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos suka buga bincike a kan yara 123 masu gwame da bakan ƙafa saboda taushin ƙashi. Suka tarar kalsiyam da yaran ke samu a abinci bai wuce kimanin miligiram 200 a wuni ba, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Tuwon dawa da na masara ba su da shi da yawa. Tsoho kuwa yana bukatar tsakanin miligiram 700 da 1,200 a wuni.

Abin na kusa. Kofi ɗaya na nono ko kindirmo yana da kimanin miligiram 300. Akwai shi da yawa cikin kuka, da zogale, da riɗi, da tamba, da ƙananan kifin da a ke ci da ƙayarsu. Bitamin D kuwa fata ke yinsa in rana ta taɓa ta. Tsohuwar da ke wuni a ɗaki, da matan kulle, su riƙa fitowa tsakar gida suna shan hantsi. Tafiya da ƙananan ayyukan gida suna ƙarfafa ƙashi, zama wuri ɗaya yana raunana shi. Amma abinci kaɗai ba ya warkar da wanda cutar ta riga ta karya, shi sai an haɗa da magani.

ABIN DA IYALI ZA SU YI

1. Duk wanda ya wuce shekara 50 ya karye daga ƙaramar faɗuwa, a kai shi Babban Asibitin Gwarzo, ko da an riga an ɗora, ko da ya warke. A tambayi likita a fili ko ƙashinsa na zaizayewa, ko kuma yana bukatar magani.

2. In tsoho ya faɗi ya kasa tashi, ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, kwatangwalo ne. Wannan karaya tana can ciki, karan ɗori ba ya kai mata. A kai shi asibiti a ranar. In ana bukatar aiki, a kan tura mutum Kano, kimanin kilomita 70 daga Gwarzo, zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar da suka karye a kwatangwalo ba su kan cika shekara ba, kuma doguwar kwanciya na cikin abubuwan da ke jawo haka, ta hanyar ciwon huhu da gyambon baya da daskarewar jini.

3. In an yi ɗori a gida, aka ga yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, ko sun yi baƙi, a sassauta ɗaurin nan take a tafi asibiti. Ɗauri mai tsanani ya kan tsai da jini har a rasa hannu.

4. A je wa likita da dukan magungunan da mutum ke sha, har da na kemis da na gargajiya, kada a ɓoye ko ɗaya.

5. Kada a sayi maganin ƙashi sai da takardar likita. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewarsa. Allurar da ke bukatar firij, in ta sha zafi ta lalace.

6. A rubuta ranar shan ƙwaya da ranar komawa asibiti, a ɗora wa mutum guda cikin 'ya'ya ko jikoki alhakin tunawa. Maganin nan ba ya sa a ji wani sauyi a jiki, amfaninsa karayar da ba ta auku ba ce. Don haka kada a daina domin ba a ji kome ba.

7. A gyara gida. A cike ramukan tsakar gida, a zuba yashi ko tsakuwa inda ruwa ke kwanciya a wurin wanka da wurin alwala, a kau da turmi da igiyar dabbobi daga hanya, a ba tsoho tocila da sanda da takalmi mai kama ƙafa. In ganinsa ya ragu a kai shi a duba ko yanar ido ce. Kada a bar shi hawa rumbu ko janyo guga shi kaɗai a bakin rijiya mai santsi.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa iyayensa da maƙwabtansa wannan takarda. Wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida da ta taɓa karyewa, kada ya jira ta biyu.